Uwata, Kar Makulli Ya Zauna a Aljihun Taubashi

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Daga Ajingi, daga hannun babanki Iliya, wanda kika sani, wanda duk mai auna gyaɗa daga nan har Gaya ya sani.

Zuwa ga uwata Rabi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya kaiki Kano lafiya, Ya tsareki daga sharrin hanya da sharrin direban da yake ganin shi kaɗai aka shimfiɗa wa kwalta. Allah Ya sa ki sauka a gidan gwaggonki Hansai da ƙafar dama, ke da robobin man gyaɗarki, ba wadda ta fashe. Na ce wa innarki ta saka miki takardar nan a jaka, kar ki buɗe sai kun haye gadar Wudil. In kin buɗe tun a tasha to kin ci amanata, amma na yafe, don nima da nine da tun a zaure na buɗe.

Nasan zakiyi dariya kice Baba da wasiƙa? Eh, Baba da wasiƙa. Ina aji huɗu na gudu daga firamare na bi motar gyaɗa, amma wallahi da na tsaya da yanzu ni nake koyar da malamanki. In kinga baƙi ya karkace ki miƙar dashi da kanki, ai don haka muka kaiki makaranta. Abinda yasa na rubuta, bakina baya iya riƙe magana mai nauyi. In na fara da gaske, kafin in kai tsakiya na saki abin dariya, ke ki kwanta a ƙasa, innarki tace to ga shi nan ya fara, magana ta watse. Takarda kuwa bata dariya.

Ga abinda ya tsaya min a rai. Shekaranjiya bayan azahar kuna ɗura mai a robobi a tsakar gida, ke da Nazifi ɗan gwaggonki, ina kwance a gindin darbejiya kuna zaton barci nake. Ni bana barci, hutar da ido nake, kunnena yana bakin aiki. Naji kina gaya masa da kun isa Kano zakuje gun mai buga takarda a buga muku tambarin da za'a liƙa a jikin roba, harda lambar waya da adireshin imel, don masu manyan kantuna da gidajen abinci da imel suke odar kaya. Kika ce imel iri biyu ne. Akwai na kyauta wanda kowa yake buɗewa, akwai kuma wanda mutum zai sayi sunan sana'arsa a intanet, wai domen, ya rinƙa biya duk shekara, adireshin ya fito da sunan nasa. Sai naji Nazifi yace:

"Ke baiwata, wane irin domen kuma? Ko roba ɗaya baki sayar ba kin fara ɗaukar haya a sama? Ga nawa nan na kyauta, tun ina sakandare nake dashi, a buga shi kawai."

Kika ce, "Bawa dai, ka gyara bakinka. Toh shikenan, a sa nakan kafin mu ga kamun ludayin kasuwa."

Kuka yi dariya kuka ci gaba da ɗura. Ni kuwa uwata, saida naji kamar an zuba min ruwan randa a ƙeya. Don maganar nan na taɓa jinta, kusan baƙi da baƙi, kuma ni na faɗi rabinta.

Bari in faro miki daga buhu, don komai nawa daga buhu ya faro.

Shekarar da na fara kai gyaɗa Dawanau da kaina, ko gemu ban tara ba. Gyaɗa ce ta gonar kakanki ta hanyar Kademi, ɓararriya, jajir, in kika danna ƙwaya da farce mai ne yake tsartowa. Ban taɓa ganin irinta ba kafin nan, kuma ban sake gani ba sai a gonata. Amma bani da buhuna. Sai naje gun maƙwabcinmu Alhaji Ɗan'azumi, Allah Ya jiƙansa, nace ya ara min. Ya ara min da zuciya ɗaya. Kinsan kowane ɗan kasuwa da alamar da yake shafawa a buhunsa don kar kaya su cakuɗe a mota. Tasa jan fenti ce kamar sawun kaza. Na cika buhunan sawun kaza da gyaɗata, na kai, aka saye kafin in gama shan ruwa. Na dawo ina tafiya kamar ni na gina Ajingi.

Da kaka ta zagayo sai ga mutumin da ya saya ya biyo mota har garin nan. Ya sauka a kasuwa yana tambaya, ina mai sawun kaza? Ina tsaye a gun, uwata, da hulata a karkace. Mutane suka nuna masa gidan Alhaji Ɗan'azumi. Na bishi ina cewa malam ni ne fa, gyaɗar tawa ce. Ya kalleni sama da ƙasa yace, yaro, ni buhu na sani. Shi da Alhaji suka ƙulla cinikin da ya daɗe har Alhaji ya bar duniya. Kuma Alhaji bai cuceni ba, buhunsa ne, alamarsa ce, arziƙi ya biyo sawun kaza har gida.

To kinji ta farko. Kaya mai kyau in yana cikin buhun wani, mai buhu ake yabo. Tun daga ranar nayi tawa alamar, tauraro da shuɗin fenti, wanda yanzu ko makaho ya shafa yasan na Iliya ne. Na ɗauka na gama koyon darasin. Ashe buhu iri iri ne, akwai wanda ba'a ɗinka shi da basilla.

Aka daɗe, na koma harkar riɗi. Lokacin kina ƙarama, kina bina kina cewa in baki kantu. A Dawanau na saba da wani Bayerabe, Alhaji Wasi'u, wakilin wani kampani mai fitar da riɗi waje. Hausarsa tafi ta wasu 'yan Gaya, kar ki gaya musu. Shi yace min, Iliya riɗinka fari ne tas ba yashi, amma manya basa yawo a rana suna cusa hannu a buhu, kayi imel ka rinƙa aika musu hoto da bayani. Nace wannan ai ƙaramin abu ne, ni da na taɓa sayar wa Bafulatani nono.

Na dawo gida na sami babanki Sabo. Kinsan shi ɗan kawuna ne, taubashina, yadda kike da Nazifi haka nake dashi. Tun muna yara bamu taɓa gaisawa da hankali ba. In ya hangoni daga nesa zai ɗaga murya, ga bawana nan mai kan tulu! Ni kuma ince, ubangidanka dai, ɗan tsurut mai ƙafar sauro. Har a gaban surukai bama fasawa. Shi yake da babbar waya a lokacin, kuma yana ɗan taɓa Turanci. Nace Sabo buɗe min imel. Yace akwai wanda ake biya, akwai na kyauta. Nace kai bawa, ni da sunana ya cika kasuwa zan biya kuɗi a san ni? Buɗe na kyautan, ka sa lambarka, ai duk ɗaya ne, kafin mu ga yadda kasuwa zata kaya.

Kinji? Kafin mu ga yadda kasuwa zata kaya. Ashe gadon magana ma ana yi.

Yace wane suna za'a sa? Nace rubuta Zakin Riɗin Arewa. Ya danna ya danna yace wai an riga an ɗauka. Uwata kiji fa, wai akwai wani zakin kafin ni! Har yau ina neman mutumin nan mu gwada ƙwanji. Dole aka liƙa mana lambobi a wutsiyar sunan, na zama zaki mai lamba kamar babur ɗin haya.

Muka ɗauki hoton riɗi a faranti, nima na tsaya a gefe da babbar rigata don su ga mai kaya. Sabo ya samo adireshin kampanoni ya aika musu duka. Na zauna ina jira. Na gaya wa duk majalisarmu ta bakin masallaci cewa kwanan nan Turawa zasu fara layi a ƙofar gidana, wanda yake son gaisawa dasu ya wanke rigarsa. Shiru. Damina ta sauka, shiru. Har Malam Buba mai shanu in ya wuce sai yace, Iliya Turawan sun iso ne ko suna Wudil suna cin kifi?

Na koma gun Alhaji Wasi'u nace mutanenka basu da tarbiyya, an yi musu sallama sun ƙi amsawa. Ya duba kwamputarsa, ya daɗe yana nema, can ya samo saƙona a wani akwati da yace nan ake zuba tarkacen saƙonni, na 'yan damfara da masu tallan maganin ƙarfi. Ni Iliya, da babbar rigata, a bola! Ya rinƙa dariya har hularsa ta faɗi. Da ya nutsu sai ya nuna min adireshinsa yace:

"Kaga wannan alamar ta tsakiyar adireshi, mai kama da harafin a, da ta naɗe kamar gammo? Abinda yake gabanta sunan mutum ne. Abinda yake bayanta sunan gidan da ya fito. Nawa, bayan gammo sunan kampaninmu ne, ba mai iya fitowa ta ƙofar nan sai ɗan gida. Naka, bayan gammo sunan tasha ne. Malami yana kwana a tasha, ɓarawo ma yana kwana. Ogana in yaga zaki mai lamba daga tasha yana cewa a turo mota a ɗauki riɗi, ta ina zai gane kai ne?"

Nace ta fuskata mana, baka ga hoton ba? Yace Iliya ka sayi sunanka, abin ba tsada, ka gina ƙofarka.

Wannan ita ce ta biyu, kuma da na ji maganarsa da babu ta uku. Mai saye daga nesa baya ganin fuskarki, baya jin ƙamshin man, baisan ke 'yar gidan mutunci bace. Abinda ya fara gani adireshi ne. In yaga sunan da yake jikin roba shine a bayan gammo, hankalinsa ya kwanta rabi tun kafin ya karanta. Ban ce miki duk mai imel na kyauta maƙaryaci bane, a'a, na gaisuwa da aika hoton biki ba laifinsa. Amma talla neman yarda ce gun wanda bai sanki ba, kuma ba'a zuwa neman yarda da rigar aro.

Ni kuwa nace Wasi'u surutu ne dashi. Na bar abin yadda yake.

Kuma kinsan abin haushi? Abin ya ɗan yi aiki. Shi Wasi'u ya gabatar dani da bakinsa gun wasu, suka gwada riɗina, kinsan kuma wanda ya ɗanɗana kayan Iliya ya shiga uku, baya iya komawa gun wani. Suka fara rubutowa. Saƙo ya shigo wayar Sabo, Sabo ya hau babur ya zo ya karanta min, in faɗi amsa ya rubuta. Daga baya ma ya daina zuwa, yasan farashi yasan amsa, sai dai ya bugo yace bawa tanadi kaya mota na zuwa. Muka yi shekaru a haka lafiya lau. A lokacin na sake rufin ɗakin innarki, a lokacin na saka ki makarantar kwana. Ko sau ɗaya ban taɓa tambayarsa lambar sirrin da ake buɗe akwatin da ita ba. Me zanyi da ita? Sabo ne fa.

Sai Allah Ya buɗa masa ya koma Kano da iyalinsa, ya kama sito nashi na kansa. Nayi masa murna, ni na raka kayansa. To amma daga nan sai kiran ya fara ja baya. Kaka ta zo na tara riɗi har rufi, ba mota. Ashe mutanen suna nan suna rubutowa zaki mai lamba kamar kullum, zaki kuma yana aljihun Sabo, Sabo kuma ga riɗi nan a ƙofar sitonsa daga ko'ina, ba sai ya jira na Ajingi ba.

Muka haɗu a Gaya gun sunan jikan kawu. Ana cin waina a rumfa na matsa kusa dashi nace, Sabo, makullin akwatin nan nawa fa, inaso ka bani.

Ya ɗaga murya yadda kowa zaiji, "Jama'a kuzo kuji! Bawa yana neman makullin gidan ubangidansa! Yau kuma tawaye za'ayi?"

Rumfa ta kwashe da dariya. Ni kuma, uwata, kin sanni. An buga gangar da na iya rawarta. Na miƙe nace ai ko makullin aka baka ka riƙe, ƙafar sauro bazata kai ka ƙofa ba. Aka sake fashewa, har wani ya ƙware da shayi. Ranar ni naci wasan, kowa ya shaida. Na hau mota na dawo Ajingi ina murmushi, saida muka wuce rabin hanya na tuna ban karɓo komai ba.

Anan matsalar take, ki buɗe kunnenki. Tsakanin taubasai ba'a ajiye wa maganar gaske kujera ba. Duk abinda ka faɗa wasa ne. Zagi wasa, ƙwace hula wasa, neman haƙƙinka ma wasa. In kana so a ji da gaske sai ka cire wasan gaba ɗaya, in ka cire shi kuma ba lallai ya koma inda yake ba.

Na cire. Na sameshi har sitonsa, ban ce masa bawa ba, bai ce min mai kan tulu ba, don yaga fuskata. Nace Sabo ba wasa ya kawoni ba, masu sayen nan nawa ne, da riɗina aka samo su.

Ya ɗago ya kalleni. Sannan yace, "Au, Iliya. Zargina kake?"

Nace ban ce ba.

Yace, "Da lambata aka buɗe, a wayata yake. Saƙon bankina ta nan yake shigowa, hotunan 'ya'yana suna ciki, takardun sitona suna ciki. In baka makulli in baka duk wannan? Kuma mutanen nan ni suka sani, ni nake amsa musu tun farko. Ko sau ɗaya ka taɓa rubuta musu baƙi?"

Kinsan abinda yafi ciwo? Gaskiya ya faɗa. Sabo bai saci komai ba. Ni na zuba gyaɗata a buhun sawun kaza da hannuna, karo na biyu, da gemuna da komai.

Magana ta kai kunnen kawu. Ya kirani, yana kan buzunsa, ko kallona baiyi ba yace, Iliya yanzu akan wasiƙar iska zaka yanke zumunci? Na durƙusa nace Allah Ya huci zuciyarka kawu, na bari. Na bari ɗin kuwa. Masu saye suka tafi, na dawo kan gyaɗata, kuma alhamdu lillahi bamu kwana da yunwa ba, don Iliya ko a kan dutse aka jefa shi sai ya tsiro.

Riɗin ban damu dashi ba sosai yanzu. Abinda na rasa wanda yafi riɗi shine, tun daga ranar in mun haɗu da Sabo a biki ko gun gaisuwar mutuwa, sai ya miƙo min hannu biyu yace, "Malam Iliya, ina wuni, ya iyali?" Ni kuma ince lafiya lau Alhaji Sabo. Uwata, taubashinka ya gaisheka da ladabi, ai gara ya mareka. Rabon da wani ya ce min mai kan tulu har na manta, kuma kan nawa yana nan yadda yake, ba abinda ya ragu.

To shi yasa da naji ku shekaranjiya barcin ƙaryata ya gudu. Nazifi yaron kirki ne, ɗan ƙanwata ne, a cinyata yayi fitsarin farko, bazai cuceki ba. Sabo ma bai tashi da niyyar cuta ba. Amma yaro ne, gobe zai sami aiki a Abuja ko yayi aure ko ya fara tashi sana'ar. Ranar nan duk mai kantin da ya ɗauki robar ya karanta adireshi, gun Nazifi zai rubuta. Kuma man nan ba naki bane ke kaɗai. Innarki ce take tsaye a kan tuya da matsa har hannunta ya yi kanta, ita da matan layinmu da su Iya Abu na Kademi da suke aiko nasu. Guminsu kika ɗauka a motar nan. In masu saye suka bi wani aljihu suka tafi, su zaki dawo ki kalla. Sannan ki je ki nemi makulli gun taubashi, a gidan gwaggon da take ciyar dake. Na riga ki bin hanyar nan, ba ruwa a ƙarshenta.

Ga abinda nakeso kiyi, kuma kiyi shi kafin ki taka shagon mai buga tambari, don abinda aka buga a roba dubu ba'a goge shi da yawu. Ki sayi domen ɗin nan. Ke kika san inda ake saye, ni da na sani da tuni na saye Ajingi gaba ɗaya. Ki yi rijistar da sunanki da lambar wayarki, ba ta Nazifi ba, ba ta mai shagon kwamputa ba ko da yace zai sauƙaƙa miki. Lambar sirri ki riƙe a kanki, ki gaya wa innarki, ita bata mantuwa, har yau tana tuna abinda na faɗa ranar da aka kawota. Ni kar ki gaya min, kafin la'asar majalisa ta haddace.

Shi kuma Nazifi kar ki ture shi. Naji kince in gida naka ne zaka iya yanka ɗakuna a ciki, kowa da adireshinsa. To ki yanka masa nashi, sunansa a gaban gammo, sunan gida a baya. Ya rinƙa karɓar oda ta nan yana hura hanci. Ran da Allah Ya ɗaga shi ya tafi, ki rufe ɗakin ko ki sa wani, masu saye suna nan a tsakar gida, ba wanda ya tambayi wani makulli, ba wanda yace zargina kike. Ku ci gaba da zagin junanku har ku tsufa. In yayi ƙorafi kice Baba ne ya kafe, kasan rigimar kawunka. Ki ɗora min, bayana faɗi ne dashi. Na riga na bugawa gwaggonki, tace Yaya kai dai da son suna. Na barta a haka.

Kuma tunda duk shekara ake biya, kar ki bari ya wuce, ance in ya wuce wani zai iya ɗauke sunan. Ki ɗaura shi da cirar gyaɗa. Duk ran da kika ji mun shiga gona da fartanya, ki tuna akwai hayar da zaki sabunta. Ta shekarar farko kuwa an gama da ita. Ɗan akuyan nan da ya cinye miki littafi, ya tafi kasuwa ranar kasuwar da ta wuce, abinda ya bari yana ƙulle a ƙasan jakarki. Ya ci boko, boko ta ci shi.

In kin fara aika talla kar kiyi irin tawa, ki watsa wa duk duniya kamar mai shuka gero a iska. Ki aika wa wanda kika gaisa dashi ko ya baki adireshinsa da kansa. Wanda yace ya isa, ki ƙyale shi. Wanda ya rubuto ki amsa masa a ranar. Kar kiyi cika baki a ciki, kice man ya fi na kowa a duniya. Ki faɗi abinda yake, gyaɗa zalla, ba gauraye, daga ina, wa ya matsa. Cika bakin ki bar min, nan ɓangarena ne, kuma ba'a gadonsa sai na mutu.

Saura suna. Na kwana biyu ina tunani, kuma bazan ɓoye miki ba, Zakin Mai ne ya fara zuwa min. Har na hango shi a jikin roba da tauraro shuɗi. Amma na zauna a kasuwa na saurara. Ba wanda yake zuwa yace a bani man Iliya. Abinda suke cewa, akwai man Asabe? Toh. Ga shi na rubuta sunan innarki da hannuna, abinda ban taɓa kira a gaban mutane ba tunda aka ɗaura mana aure. Shi zaki sa a bayan gammo. Kar ki gaya mata ni nace, zata raina ni. Tauraron dai a ɗan maƙala shi a gefe, ƙarami, don masu hankali su gane daga wane gida jarumtar ta fito.

Sauran nasiha kin santa. Sallah akan lokaci. Ki taya gwaggonki aiki kar ki zama baƙuwa. In kin shiga adaidaita ki riƙe wayarki da kyau. Kar ki ƙara wa man komai ko da an ce miki kowa haka yake yi.

Sai alfarma ɗaya da nake nema, ni da bana neman alfarma. Ran da aka buɗe adireshin, saƙon farko kar ki aika wa mai kanti. Ki aika wa babanki Sabo. Har yanzu yana nan a zaki mai lamba, Nazifi ya san shi. Ki rubuta masa haka, kar ki gyara ko baƙi ɗaya:

"Mai ƙafar sauro, ubangidanka Iliya yace a gaya maka ya gina gida mai ƙofa. In ka wanke ƙafa kazo, akwai shara tana jiranka."

In ya amso da zagi, in yace mai kan tulu, ki bugo min nan take ko ina cikin gona ne, ki karanta min sau biyu. In kuma yace na gode Allah Ya sanya alheri, to kar ki gaya min, kice saƙon bai shiga ba.

Allah Ya tsare min ke a tafiya da zama. Allah Ya haɗaki da masu saye na gari, Ya rabaki da masu zaƙin baki, banda ni. Allah Ya sa albarka a man nan da hannuwan da suka matsa shi, Ya bar zumunci tsakaninki da Nazifi har jikoki. Ki gaida gwaggonki da maigidanta da yara. In kun sauka ki bugo, innarki bazata ci abinci ba sai taji muryarki, ni kuwa zan ci, amma ba daɗi.

Wassalam.

Naki har kullum,
Babanki kuma ɗanki, Iliya mai tauraro, Ajingi.